Tagogin da Baba Ya Bari a Buɗe

Ina shago ina ɓamɓare gilashin wata waya da mai ita ya rantse min ba ta taɓa faɗuwa ba, alhali ga shatin siminti a goshinta, sai ga kiran Auta. Auta ƙanwata ce, kuma ba ta kirana sai data ta ƙare mata ko ta fasa wani abu.

"Yaya Rediyo, ka zo gida yanzu."

"Wa ya mu..." Sai na haɗiye sauran. Da can haka nake amsa duk kiran gaggawa, amma tun rasuwar Baba wasan nan ya daina ba kowa dariya a gidanmu. Na ce, "Me kika fasa?"

"Wallahi ban fasa komai ba. Kwamfutar Baba ce. Ta daskare."

"Umma ta sani?"

Ta ce, "Tana zaune a gabanta."

Na ajiye wayar da ba ta taɓa faɗuwa ba, na ce wa maƙwabcina mai sayar da caja ya sa min ido a shago, na tari mota.

Kwamfutar nan ni na haɗa wa Baba ita, daga gawarwakin laftof da masu su suka kawo gyara suka gudu: fuskar wannan, batirin waccan, madannan wata da harafi ɗaya ba ya fitowa sai ka lallashe shi. Baba kafinta ne. Tun ranar da na nuna masa yadda ake neman hoton kujera a intanet, shi ke nan, na samu kwastoman da ba ya barci. Matsalarsa ɗaya, ba ya rufe shafi. Duk abin da ya buɗe a burauza sai ya bar shi a jere can sama, har suka matse juna suka koma kamar haƙoran mataji. Shi tagogi yake ce musu. In na kai hannu zan rage masa, sai ya zaro fensirin da ke kunnensa ya ƙwala min a yatsa. "Kai Rediyo, na ce maka na gama da shi ne?"

Ranar da ciwon ƙirji ya kama shi yana gaban kwamfutar. Ya sauke murfin ya ce bari ya ɗan miƙe ya dawo. Daga miƙewar sai asibiti, daga asibiti bai dawo ba.

Umma ta hana kowa kashe ta. Tana nan jone da caja a kan teburin falo, intanet kuma babu, don da wayarsa yake ba ta, wayar kuwa tana cikin durowa a kashe. In Umma ta gama aikin rana sai ta ɗaga murfin, ta sa tabarau, ta riƙa bin tagogin nan da yatsa ɗaya. Watanni ke nan tana haka. In na shigo cin abinci in ce, "Umma, an shiga ofis?" Ta ce, "Wuce ka wanke hannu." In wuce. Ban taɓa tsayawa na leƙa abin da take kallo ba.

Da na shiga falo na same ta zaune, hannuwa a cinya, tabarau a kan tebur. Burauzar a buɗe take, fari fat, kibiyar ta koma ɗan zobe tana ta juyawa kamar mai neman hanyar gida. Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana taunar murfin biro.

Na ce, "To, mai laifi ta matso ta yi wa kotu bayani."

Bayanin gajere ne. Aikin makaranta aka ce su tura, wayarta ta ƙi. Umma ta fita sayayya. Ta ce bari ta ɗan ari kwamfutar Baba, ba za ta taɓa ko taga ɗaya ba. Ta kunna hotsifot ɗin wayarta ta jona, ruwa ya fara yayyafi, ta fita kwashe shanya. Kwamfutar da ta yi watanni ba ta ga intanet ba kuwa ta samu abin da take so, ta kwankwaɗi sabuntawa har ta ƙoshi. Ko da Auta ta dawo sai ta tarar ta kashe kanta ta kunna kanta, tana ma gargaɗin kada a taɓa ta. Daga nan duk wanda ya danna burauza sai ta fito ta sandare.

"Shanya," na ce. "Kin ceci zanin gado kin kashe mana..."

"Ba faɗa na kira ka ka yi mata ba," in ji Umma. "Na riga na yi. Tagoginsa nake so. In ba za su dawo ba ka faɗa min yanzu, kada ka cika min kunne."

"Haba Umma! Kin san wa kika haifa kuwa? Jiya-jiyan nan aka kawo min wadda ta sha shayi da madara, yanzu haka tana can tana aiki a ofishin lauya. Wannan ai zazzaɓi ne kawai. Auta, ruwa mai sanyi wa likita."

"Ka yi aikin tukuna," in ji Auta.

"Kin gani ko, Umma? Ba ladabi."

Umma ba ta murmusa ba, amma ta matsa min kujerar.

Gaskiya na fara da hankali. Akwai wani ɗan fayil da burauza take riƙe jerin duk shafukan da aka bari a buɗe a ciki. Shi na fara nema, kafin in taɓa komai. Na same shi lafiya lau, na kwafe shi a filash, na sake kwafewa a wayata, sannan na ɗaga filash ɗin sama kamar wanda ya ci kofi.

"Umma, tagogin Baba suna cikin nan. Ko gidan nan ya nutse suna aljihuna."

"Allah ya kiyaye. Duka?"

"Duka. Ko ɗaya bai tsere ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da kujera. Daga nan sai na saki jiki.

Na rufe burauzar da ƙarfin tsiya na sake buɗewa. Ta daskare. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna. Ta fito, ta kalle ni, ta daskare. Na ce, "Au, taurin kan mai gidan kika gada?" Fankar ciki tana ta huci, har ɗan garin katako yana fitowa ta ramukan gefe.

To mu a wurin aikinmu, in burauza ta yi gardama, abin da hannu yake fara kaiwa shi ne kesh, ma'ajiyarta ta wucin gadi. Ba ma sai ka yi tunani ba, kamar yadda bakanike yake fara taka tayar mota da ƙafa. Na shiga inda take, na ga ta yi ƙiba, ga kuma sabuntawar ta cinye kusan duk sauran wurin ajiya. Na zaɓe ta.

Auta ta leƙo ta kafaɗata. "Yaya, wannan babbar fa?"

"Shara ce. Duk shafin da aka buɗe, burauza tana ajiye kwafinsa a nan, hotuna da tarkace, don kada ta sha wahalar sake ɗaukowa. In ta yi yawa sai ta shaƙe ta."

"Kwafin shafin?"

"Ke, wanda ya ɓata ba ya tambaya. Tsaya can ki koya."

Umma ta ce, "Ba za a ajiye ta a gefe ba, ko da za a nema?"

"Umma, wa yake ajiye shara? Kullum sai na share irin wannan a shago, ba a taɓa dawowa an ce min ina take ba. Kuma ba ma wurin ajiyewa. Abin da muke so yana aljihu."

Ta ce, "To. Kai ka sani."

Na goge ta, irin gogewar da ba ta bi ta kwandon shara, don wurin ya samu nan take. Na buɗe burauza ina fito da baki.

Ta daskare.

Auta ta ce, "Likita, in kawo ruwan?"

"Ki kawo wa kanki, za ki buƙata in na gama da ke."

Na koma kan 'yan ƙananan manhajojin da suke maƙale a jikin burauzar. Baba mutum ne da ba ya iya ce wa baƙo a'a, ko baƙon na cikin kwamfuta ne. Duk wanda ya fito ya ce danna nan, sai ya danna don kada a ce ya yi wulaƙanci. Na samu mai alƙawarin ƙara sauri, da mai alƙawarin ƙara wa mai ƙara saurin sauri, da wani da aikinsa kawai ya sa kifaye su riƙa yawo a fuska. Na tsayar da su duka. Na buɗe. Ta daskare.

Yanzu gumi ya fara keto min. Umma ta ɗauki tabarau tana gogewa da gefen zani, ta ajiye, ta sake ɗauka. Da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Na fara ba su labarin wani kwastoma da ya sa wayarsa a firji don ta yi zafi, na kai tsakiya na ga ba mai saurare, ni ma na manta ƙarshen.

Sai can abin ya faɗo min. Kwamfutar tsohuwa ce, katin hotonta ya girmi Auta a harkar. Sabuwar sabuntawar ta zo da nata salon, burauza kuma tana da wani saiti da yake sa ta jingina da katin hoton don ta yi sauri. Katin bai gane sabon yaren ba, ita kuma ta tsaya jiransa. Na buɗe ta ta bayan gida, ta hanyar da ba ta neman katin, na shiga saiti na kashe abin. Dannawa ɗaya.

Ta buɗe garau.

"Allahu akbar! Auta, ki gaya wa jikokinki kin ga wannan da idonki!"

Na mayar da ɗan fayil ɗin wurinsa, na sake buɗewa, sai ga su sun jeru can sama, a matse, yadda ya bar su. Umma ta dafa ƙirji. Ta sa tabarau ta matso har kafaɗarta tana taɓa tawa. Sai dai kowanne ka danna fari ne, da ɗan rubutu cewa babu intanet.

"Ina abin cikin?" in ji ta.

"Yanzu za ki gani. Yunwa suke ji. Auta, hotsifot."

Auta ta kunna. Shafukan suka fara cika ɗaya bayan ɗaya, hotuna suna sauka. Na miƙe na ba Umma kujerar, na rusuna mata kamar mai tarbar baƙi a otal. "Hajiya, ofishinki."

Ta danna na farko da yatsanta ɗaya. Shafin labarai ne. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana, Umma. Ga sunan jaridar, ga adireshin."

"A nan akwai hoton gadar da ruwa ya ci, da wani mutum riƙe da lema. Shi yake karantawa da safe, har ya ce min wanda ya yi gadar nan ko benci kada a ba shi."

A wurin gadar yanzu wasu mutane ne da kwat suna gaisawa. Labaran yau.

Ta danna na gaba. Na hasashen yanayi ne, rana ƙwal a kai.

"Nan gajimare ne," ta ce. "An rubuta gobe ruwa. Shi ya sa ya ce in tuna masa ya shigar da katakon da ke waje."

Bakina ya buɗe da kansa, don shi ba ya jiran izini. "Umma, ai shi yanayi kullum canzawa..." Sai na ji abin da nake faɗa, na rufe shi.

Na gaba wani injin goge katako ne da ya daɗe yana zawarci a wani kanti. Yanzu rubutu ne kawai, wai kayan nan babu shi. Na gaba bidiyo ne, ya koma farko, har da tallar sabulu.

"Wannan a tsaye yake," ta ce. "Wani tsoho ya ɗaga ƙafar kujera yana dubawa da ido ɗaya. Hannunsa irin na babanku."

"Wannan mai sauƙi ne! Wannan zan samo miki." Na sunkuya na kama jan bidiyon. Tsohon kuwa ba abin da yake yi tun daga farko har ƙarshe sai ɗaga ƙafar kujera. "Nan ne?"

"Gaba kaɗan."

"Nan?"

"A'a, ka wuce. Koma." Na koma. Ta ƙura ido, ta karkata kai. "Kamar nan ne. Kamar kuma ba nan ba." Ta ja da baya. "Kullum ina kallonsa fa. Bar shi."

Na bari. Ta danna wani can kusa da ƙarshe, shafin sakamakon ƙwallo. Umma ba ta san ƙwallo ba, ko raga nawa ne a fili sai ta yi tunani. Amma ta kai yatsa daidai kan lambobin.

"Nan ɗaya ne da babu. 'Yan jar rigar nan nasa ne da ɗaya. Yana ta murna, ya ce in Rediyo ya shigo yau sai ya bar gidan nan." Ta matso da fuska. "Yanzu kuma na ga ɗaya da biyu."

Ta janye yatsanta daga kan lambobin.

"Ashe cinye su aka yi," in ji ta.

Ni na sani tun ranar. 'Yan ƙungiyata ne suka rama suka ƙara, ana dab da tashi. Ina shago na tanadi tsiyar da zan yi masa kala-kala, ina cikin gwada ta a kan mai caja aka kira ni daga asibiti. Ban san cewa a falonmu har yau ana wasan nan ba, kuma Baba ne a gaba.

A nan na gane abin da take buɗewa kullum. Ni adireshi na adana mata, ita kuwa ba ta taɓa damuwa da adireshi ba. Ranar take dubawa, yadda ya bar ta.

"Auta, kashe hotsifot! Kashe!"

Ta kashe a firgice. Na ja kwamfutar gabana, na danna komawa baya a kowane shafi. Babu. Na shiga inda kesh take, sai sabbin tarkacen yau, 'yan kwat da tallar sabulu. Na zaro ɗaya filash ɗin da nake yawo da shi, mai manhajar tono abin da aka goge, na sa ta. Ta yi ta tono, mu uku muna kallon layin yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Abin da ta fito da shi guntaye ne marasa kai da gindi, rabin tambarin wani kanti, da wani hoto toka-toka da ba ya buɗewa. Sababbin shafukan da na ce a ba su abinci sun riga sun kwanta a kan wurin.

Ba zan ce da ban goge ba da komai ya dawo ba. Kashe kanta da ta yi ta riga ta ci wani abu. Amma da na bar sharar nan a gefe, na buɗe su ba intanet, wataƙila da gadar ta fito, ko gajimaren. Ban sani ba, kuma yanzu ba hanyar sani. Abin da na sani shi ne gogewar ba ta gyara komai ba. Ciwon yana wani wuri daban.

Auta ta fashe da kuka. "Ni ce, Umma. Da ban jona ba..."

"Ba ke ba ce," na ce. "Ke ma kin tambaya, ita ma ta ce a ajiye, ni ne na..."

"Ku yi min shiru ku biyun," in ji Umma. Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta cire tabarau ta ninke. "Rediyo, yanzu ta gyaru?"

"Umma, bari in kai ta shago. Akwai wani da na sani a bayan layinmu, yana da wata na'ura..."

"Zai dawo da su?"

Na so in ce eh. Kalmar tana kan harshena, ta saba fita. Na ce, "A'a."

"To tambayarka na yi, ta gyaru?"

"Ta gyaru."

"Ba za ta sake daskarewa ba?"

"Ba za ta sake ba."

"Sannu da ƙoƙari. Ka bar shagonka ka zo." Ta dafa tebur ta miƙe. "Auta, share fuskarki ki zauna ki tura aikin makarantar, kada a rufe. Kai kuma akwai abinci, in za ka ci."

Ta shiga kicin. Muka ji ta buɗe famfo.

Auta ta zauna a bakin kujerar kamar za ta cije ta. Ta sake kunna hotsifot, ta kai kibiya can sama tana neman inda za ta buɗe nata shafin. Wurin a cushe yake. Ta ɗago ta dube ni, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, in rage su?"

"Bar su. Kawo in nuna miki yadda za ki buɗe wani daban ba tare da..."

Famfon ya tsaya.

"Ki rufe," in ji Umma daga kicin. "Waɗannan ba nasa ba ne."

Auta ta jira ko zan ce wani abu. Da ta ga ban ce ba, sai ta fara dannawa. Suna ta rufewa tsaf-tsaf, ko ɗan jinkiri babu. Tun da na haɗa kwamfutar nan ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba.